Yadda ake amfani da na'urar TENS a gida don sassauta ciwon da ya daɗe

Ciwon da ya haura wata 3 yana damun mutum, ko yana lafawa yana dawowa, shi ne likitoci ke lissafawa a cikin daɗaɗɗen ciwo, kuma yawanci a baya yake zama, ko ƙugu, ko gwiwa, ko wuya da kafaɗa. Mai fama da shi yakan gaji da haɗiyar ƙwayoyi, musamman idan sun fara taɓa masa ciki ko likita ya ja masa kunne game da ƙoda, shi ya sa wasu ke komawa ga wata 'yar na'ura mai aiki da batir, wadda ba ta wuce girman wayar hannu ba, da ake kira TENS. Tana da wayoyi sirara da ke ƙarewa da wasu filastoci masu danƙo da ake manna wa fata, kuma ta cikinsu take tura wutar lantarki 'yar kaɗan zuwa jijiyoyin da ke ƙarƙashin fatar.

Ya kamata a san iyakarta tun kafin a kashe kuɗi. Na'urar ba ta gyara guringuntsin da ya zaizaye, ba ta kuma mayar da faifan ƙashin baya mazauninsa. Abin da take yi shi ne rage zafin ciwo a lokacin da take kunne, da ɗan lokaci bayan an kashe ta, kuma amfanin wannan sauƙi shi ne mutum ya samu damar tafiya, da aiki, da motsa jikin da likita ya umarce shi da yi. Sau da yawa idan aka bincika wanda ya ce ya gwada ba ta yi masa komai ba, sai a tarar ko dai ya manna filastocin a inda bai dace ba, ko kuma tsoro ya sa ya bar ƙarfin wutar ƙasa ƙwarai.

Dalilin da ya sa take aiki, da abin da bincike ya nuna

Tun a ƙarni na farko na miladiyya wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa ana ɗora wa mai ciwon kai ko ciwon gaɓɓai wani kifin teku mai jan wuta, irin jan da minjirya ke yi a kogunanmu. Amma bayanin da aka gina na'urar yanzu a kansa ya fito ne a 1965, lokacin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka nuna cewa saƙon ciwo yana bi ta wata mashiga a cikin lakar ƙashin baya kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma idan aka motsa manyan jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa, sai su rage wa saƙon ciwon hanya. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya buge gwiwar hannu yake murza wurin ba tare da an koya masa ba. Daga baya kuma aka gano cewa wutar tana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, waɗanda ke aiki ta hanyar da mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, ke bi.

Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da amfaninta. A 2022 Mark Johnson na Jami'ar Leeds Beckett da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 381 da aka yi a kan mutane fiye da 24,000, suka ga cewa zafin ciwo yana raguwa yayin amfani da na'urar ko jim kaɗan bayansa, fiye da yadda yake raguwa da na'urar bogi. A ɗaya gefen kuma, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce tun 2016 kada asibitoci su riƙa bayar da ita ga masu ciwon baya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ba ta amince a sa ta cikin jinyar yau da kullum ta daɗaɗɗen ciwon baya ba, saboda hujjar amfaninta na dogon lokaci ba ta da ƙarfi. A ganina maganganun biyu ba sa karo da juna sosai, domin ɗaya tana magana ne a kan sauƙin awa ɗaya ko biyu, ɗayar kuma a kan warakar watanni. Tunda illarta kaɗan ce ga wanda ya kiyaye dokokinta, hanyar da ta fi ita ce a gwada ta yadda ya kamata na 'yan makonni, sannan a yanke hukunci.

Mataki na farko: a san ciwon, a san ko an halatta wa mutum

Kada a fara rufe bakin ciwon da ba a san asalinsa ba. Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko wanda ke tsananta idan an kwanta, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, ko kuma ciwon daji. Idan kuwa ƙafafu suka fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya yi dindiris, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓucewa ko suka ƙi fita, to wannan na gaggawa ne, asibiti za a nufa a ranar. Wanda ya fi cancanta ya koya wa mutum na'urar shi ne likitan fisiyo, wato na sashen da aka fi sani da sashen gashi, kuma akwai wannan sashe a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da asibitocin koyarwa na Shika, Sakkwato da Maiduguri. Zama ɗaya da shi, inda zai manna filastocin da hannunsa ya nuna wurin, ya fi karanta takardar na'urar sau goma.

Akwai waɗanda ba za su taɓa ta ba sai da izinin likitansu. Na farko shi ne duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ko wata na'urar lantarki a jiki, domin wutar na iya rikita ta. Sai mai juna biyu, musamman a kan ciki da ƙugu, da mai farfaɗiya, da mai matsalar bugun zuciya, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa. Ba a manna ta a kan ƙari ko wurin da ake jinyar ciwon daji, ba a kuma sa wa wanda ba zai iya faɗin abin da yake ji ba, kamar ƙaramin yaro ko tsohon da ya rikice.

Akwai kuma wurare a jiki da aka haramta wa kowa da kowa: gaban wuya da gefunansa, inda wutar ke iya faɗar da hawan jini nan take ko ta shaƙe maƙogwaro, kai da idanu da cikin baki, kan zuciya, ko a sa filasta ɗaya a ƙirji ɗaya a baya yadda wutar za ta ratsa ƙirjin, fatar da ke da rauni, ƙuna, ƙuraje ko kumburi, da kuma fatar da ta mutu ba ta jin taɓawa. Wannan na ƙarshe ya shafi masu ciwon suga da ƙafarsu ta yi dindiris, da waɗanda suka taɓa yin kuturta ko shanyewar ɓarin jiki, domin wanda ba ya ji ba zai san wutar ta yi yawa ba sai ta yi masa lahani.

Mataki na biyu: zaɓen na'ura

A nemi wadda ke da mafitar waya biyu, yadda za ta ɗauki filasta huɗu, kuma wadda ake iya saita mata abubuwa uku daban-daban: ƙarfin wuta, da yawan bugu a sakan ɗaya wanda ake rubutawa da alamar Hz, da tsawon kowane bugu wanda ake rubutawa da alamar µs. Ƙananan na'urorin tausa da ke da hotunan hannu da guduma kawai a fuskarsu ba sa ba da wannan dama. A saya a shagon kayan asibiti, a duba rajistar NAFDAC, a kuma tambayi mai shago ko yana sayar da filastocin canji, domin su ne ke ƙarewa. Duk mai tallan da ya ce na'urarsa tana tace jini, ko tana maganin suga da hawan jini, a bar masa kayansa.

Kafin a kunna ta a karon farko, a samu littafi a rubuta abu biyu. Na ɗaya, ƙarfin ciwon a ma'aunin 0 zuwa 10. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, wani aiki guda da ciwon ke hanawa, tare da adadinsa: minti nawa ake iya tsayuwa a gaban murhu, ko ana iya ruku'u da sujada ba tare da kujera ba, ko ana iya zuwa masallaci ko kasuwa a ƙafa ba tare da an tsaya hutawa ba. Da wannan za a auna na'urar daga baya, domin tunanin mai ciwo yakan bi yanayin ranar da aka tambaye shi.

Mataki na uku: shirya fata da manna filastoci

A wanke wurin da ruwa da sabulu, a goge shi ya bushe sarai. Kada a shafa mai kowane iri, ko basilin, ko hoda, balle man zafi, domin mai yana kashe danƙon filasta, man zafi kuma yana iya haɗuwa da wutar ya fusata fata. Idan wurin na da gashi, a rage shi da almakashi maimakon reza, saboda ƙananan yankan reza suna zafi idan wuta ta ratsa su. A tabbatar na'urar a kashe take, a haɗa wayoyin da filastocin, sannan a ɓare su daga ledarsu a manna, a danna ko'ina ya kwanta, domin filastar da gefenta ya ɗaga tana tara wutar a ɗan wuri ɗaya ta yi suka.

Dokar mannawa ita ce a sa ciwon a tsakiya. Filasta biyu na waya ɗaya suna aiki ne tare, wutar tana gudana daga ɗaya zuwa ɗaya, don haka a sa ɗaya a wannan gefen ciwon ɗaya a wancan, da tazarar da ba ta gaza santimita 2.5 ba, kuma kada su taɓa juna. A fi son wurin da ke da tsoka, a guji kan ƙashi tsagwaronsa.

Ga ciwon ƙasan baya, a manna su dama da hagu na ƙashin baya, daidai tsayin da ciwon yake, ba a kan tsinin ƙashin ba. Idan wurin na da faɗi, a yi amfani da huɗu, biyu sama biyu ƙasa, su kewaye shi. Idan ciwon yana sauka daga ƙugu ya bi ɗuwawu zuwa bayan cinya, sai a bar biyu a ƙasan baya a ɓangaren da ke ciwo, sauran biyun kuma a jera su a kan hanyar da ciwon ke bi. Mai wannan ciwo zai buƙaci wanda zai manna masa, ko ya yi amfani da madubi, kuma yana da kyau a ɗauki hoton wurin da waya ranar da aka dace, don a maimaita. Ga gwiwa, a sa su gefe da gefe na ƙoƙon gwiwar, ko sama da ƙasansa, a kuma manna su gwiwar tana ɗan lanƙwashe don kada su ɓalle idan an tashi tafiya. Ga wuya, iyakar da aka yarda ita ce ƙasan ƙeya ta baya da tsokar saman kafaɗa. Mata masu ciwon mara lokacin al'ada suna sa su a ƙasan cibiya ko a ƙasan baya, da sharaɗin an tabbatar babu ciki. Inda kuwa fatar wurin ciwon ta mutu, ko ta zama ko tufafi ya taɓa ta sai zafi, ana hawa sama kaɗan ne zuwa lafiyayyar fata a kan hanyar jijiyar, kuma wannan likitan fisiyo ne ya kamata ya nuna.

Mataki na huɗu: saitawa da ƙara wuta

Salo biyu ne manya. Na farko, wanda kowa ya kamata ya fara da shi, shi ne mai saurin bugu: a sa Hz tsakanin 80 da 100, a sa µs tsakanin 100 da 200, a bar bugun ya riƙa tafiya ba yankewa. Abin da za a ji shi ne wani yam-yam kamar tafiyar kiyashi a ƙarƙashin filastocin, sauƙin kuma yakan zo da wuri, sai dai yakan gushe ba da daɗewa ba bayan an kashe. Na biyu shi ne mai jinkirin bugu: Hz tsakanin 2 da 4, µs tsakanin 200 da 250, a ƙara wuta har a ga tsokar tana harbawa a hankali. Sauƙin wannan yana jinkirin zuwa, amma ga wasu yakan fi daɗewa, kuma ba a wuce minti 20 zuwa 30 da shi, don kada tsokar ta gaji ta yi tsami.

Wanda ya daɗe yana shan taramol, kodin ko mofin ya tsaya a kan salo na farko. Bincike ya nuna cewa mai jinkirin bugu yana bi ne ta ƙofar da waɗannan magunguna ke bi a jiki, don haka jikin da ya saba da su ba ya amsa masa sosai, alhali mai saurin bugu yana bin wata ƙofar daban. Samun sauƙi daga na'urar kuma ba dalili ba ne na yanke irin waɗannan magunguna rana ɗaya. Likita ne ke tsara yadda za a rage su.

Yanzu sai a zauna, a kunna, a riƙa ƙara ƙarfin wutar sannu a hankali, waya ɗaya bayan ɗaya. Da farko ba za a ji komai ba, sannan a ji ɗan motsi, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsayawa, suna ganin ai sun ji. Wannan bai isa ba. A ci gaba da ƙarawa har jin ya yi ƙarfi sosai, ya cika wurin ciwon, amma bai kai ga zafi, suka ko ƙuna ba. Idan ya kai, a rage kaɗan. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa ƙarfin wutar shi ne abin da ya fi bambanta wanda ya samu sauƙi da wanda bai samu ba. Bayan minti 5 zuwa 10 jin zai dusashe, ba don batir ya mutu ba, sai don jijiyoyin sun saba, to sai a ƙara kaɗan ya koma yadda yake, a kuma ci gaba da yin haka har ƙarshen zaman. Lambar da ke fuskar na'urar ba abin dogaro ba ce, domin wadda ta isa jiya tana iya yin yawa yau ko ta gaza, gwargwadon laimar fata da sabuntar filasta.

Mataki na biyar: yaushe, kuma tsawon wane lokaci

Zaman farko ya zama minti 20 zuwa 30, a zaune, don a ga yadda jiki da fata za su karɓa. Daga nan ana iya kai salo na farko minti 30 zuwa 60, sau da dama a yini, ana ɗaga filastocin tsakanin zama da zama a duba fata. Tunda sauƙin yana tare da wutar ne, ba dabara ba ce a kwanta a yi ta sannan a tashi aiki bayan ta gushe. A maƙala na'urar a ƙugu ko a sa ta a aljihu, a bi da wayoyin ta cikin riga, a yi tafiyar ko aikin da ke tayar da ciwon tana kunne. A wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Iowa a Amurka suka jagoranta, wanda aka buga a 2020, mata 301 masu ciwon da ke game jiki tare da gajiya ne suka shiga, kuma waɗanda suka yi amfani da na'urar gaske awa 2 a kullum yayin hidimominsu, na mako 4, sun samu raguwar ciwon motsi da gajiya fiye da sauran.

Ba a tuƙa mota, babur ko keke-napep da ita a kunne, ba a aiki da injin niƙa ko wani inji mai haɗari, ba a barci da ita, ba a kuma amfani da ita tana jone da caji. A cire ta gaba ɗaya kafin wanka, a kuma nisanta ta da ruwa lokacin alwala. Idan aka ji jiri, tashin zuciya ko bugun zuciya ya canza, a kashe nan take.

Idan an gama, a mayar da wutar sifili, a kashe na'urar, sannan a ɓare filastocin ta gefensu, kada a ja su ta waya. Ɗan jan da fata ke yi ya gushe cikin awa guda ba komai ba ne, amma ƙaiƙayi ko ƙurajen da suka kwana alama ce ta fatar ba ta jituwa da danƙon, sai a huta, a canza wuri ko a canza irin filastar. A mayar da su kan ledarsu, a rufe a jaka, a ajiye a inuwa, domin zafin bazara yana narkar da danƙon, iskar hunturu kuma tana busar da shi. Wadda ta fara bushewa ana iya shafa mata ɗigon ruwa da yatsa ta farfaɗo, wadda kuwa ta daina kamawa a jefar da ita. Kowane mutum da nasa filastocin, ba a aro.

Idan sauƙin bai zo ba, ko ya zo ya tafi

Kafin a ce ta gaza, a bi waɗannan bi da bi, ana canza abu ɗaya a kowane zama don a gane wanda ya yi tasiri: a ƙara wuta, a matsar da filastocin santimita biyu ko uku, a tsawaita lokaci, sannan a gwada ɗaya salon. Idan kuma ta yi aiki kwanakin farko sannan ta fara sanyi, to jiki ne ya saba da saiti guda, kuma maganinsa shi ne a riƙa sauya Hz daga rana zuwa rana, ko a zaɓi tsarin da na'urar ke sauya bugun da kanta, ko a huta kwana ɗaya ko biyu. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Kanada a 1995 ya nuna cewa sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da kofi, yana iya rage tasirinta, don haka mai yawan cin goro ko shan kofi ba zai yi asarar komai ba idan ya gwada zama ɗaya kafin ya ci na safe.

Bayan mako 2 zuwa 4 a buɗe littafin nan a kwatanta. Raguwar maki 2 a ma'aunin 10, ko ƙaruwar da ake gani a tsayuwa, tafiya ko sallah, dalili ne na ci gaba, tare da motsa jikin da aka tsara, wanda shi ne ke da hujja mafi ƙarfi a jinyar ciwon baya da na gwiwa. Idan babu abin da ya canza bayan an bi duk matakan nan, a ajiye ta a koma wa likita da littafin a hannu.

A asibiti akwai wasu hanyoyin na wutar lantarki da suka wuce ta gida. Sassan fisiyo suna da babbar na'ura mai haɗa igiyoyin wuta biyu masu bugu kusan 4,000 a sakan, su gamu a cikin tsoka, akwai kuma hanyar da ake tura wutar ta siraran allurai da aka soka kusa da jijiya. Mafi nauyinsu ita ce dasa waya a kusa da laka tare da batir a ƙarƙashin fata, aikin da likitan tiyata Norman Shealy ya fara yi a Amurka a 1967. Ana yin sa ne ga wasu masu ciwon jijiya da sauran magunguna suka gaza a kansu, kuma sai an yi gwajin kamar mako guda da waya ta wucin gadi, an ga ciwon ya ragu da rabi, kafin a dasa ta dindindin. Yana da tsada ƙwarai, wayar tana iya gocewa ko wurin ya kamu da ƙwayoyin cuta, kuma nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, ta fitar a 2023 bai ga amfani mai ɗorewa a gare shi ba ga masu ciwon ƙasan baya.